Ƙanin matata ya canza farashi a takardar da na tura masa, ya zan kulle takarduna?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mai haɗa sola ne a nan Kano. Kwanakin baya ƙanin matata ya samo min aiki a wata makarantar kuɗi, ya ce in rubuto farashin kaya da kuɗin aiki zai kai wa Hajiyar da ke da makarantar. Na rubuta a Word na tura masa ta WhatsApp, da sunan shagona a sama da sa hannuna a ƙasa. Ashe ya buɗe ya ɗora dubu ɗari huɗu a kai, ya cire lambar akawun ɗina ya sa tasa, ta biya shi, shi kuma ya turo min nawa cif-cif. Ban san komai ba sai da na gama aiki Hajiya take min ƙorafin na tsawwala mata, nan muka gwada takardu. Yanzu gani take da haɗin bakina. Wani ya ce in riƙa mayar da takarda PDF ina sa fasawod. Hakan zai hana? Sannan ya zan yi da yaron nan ga yayarsa a gidana?

AMSA: Wa'alaikumus salam Malam. Wallahi abin nan ya taɓa ni, saboda na san mai sana'ar hannu ba shi da jarin da ya wuce sunansa, kuma aikin sola aiki ne na "wane ne ya haɗa miki, ba ni lambarsa", mutum ɗaya in ya fita da mummunan zato kanka ba ka san mutum nawa ya tafi da su ba. Allah ya wanke ka.

Bari in fara da wadda ba za ta yi maka daɗi ba, don kar ka je ka kashe kuɗi a banza. Babu wani kulle da zai hana wanda ka tura wa takarda ya canza ta in dai ya ƙuduri hakan. Da zarar fayil ya sauka a wayarsa ya zama kwafinsa, kuma duk abin da idonsa zai iya karantawa hannunsa zai iya sake bugawa, ko da ka toshe ko'ina zai iya zama ya ƙirƙiro sabuwa fil mai kama da taka ya ɗora sunan shagonka. Abin da ke hannunka guda biyu ne: ka sa canjin ya yi wahala yadda mai son banza na sama-sama zai haƙura, sannan, wanda ya fi muhimmanci nesa ba kusa ba, ka tsara harkarka yadda in an canza za a gane tun kuɗi bai fita ba.

Shawarar PDF ɗin da aka ba ka ba laifi, ka ɗauka, daga yau kar ka sake tura wa kowa takardar farashi ko rasit a Word ko Excel, ai wannan an yi su ne don a yi ta gyara. A kwamfuta ka shiga Save As ka zaɓi PDF, a waya ma WPS Office na yi. Kamfanin Adobe ne ya fito da PDF a 1993, kuma dalilin fito da shi shi ne takarda ta fita iri ɗaya a kowace na'ura, rubutu kar ya goce, layi kar ya karkace. Ka ga ba don tsaro aka gina shi ba tun asali. Tun daga Word 2013 zuwa yau, Word da kansa yana buɗe PDF ya mayar da shi rubutun da ake gyarawa, Google Docs ma haka, ga shafukan intanet na kyauta barkatai. Ka leƙa kowane shagon kwamfuta na kusa da makarantu ka tsaya minti kaɗan ka gani, yaro zai karɓi PDF, ya danna dama ya buɗe da Word, wani ɗan saƙo zai fito yana cewa za a juya fayil ɗin, ya danna OK, shi ke nan ga alƙaluma nan a gabansa sai wanda ya ga dama ya goge. Bai ma ɗauki abin a bakin komai ba don kullum yana yi wa ɗalibai irinsa.

To fasawod fa? Nan ne mutane ke ruɗewa, saboda iri biyu ne. Akwai na buɗewa, wanda in ba ka da shi ba za ka ga komai ba sam. Wannan yana da ƙarfi da gaske in ka sa mai tsawo, amma amfaninsa shi ne hana bare gani, misali waya ta ɓace ko ka tura wa lambar da ba ita ba. A matsalarka ba zai yi komai ba, tunda dole ka ba wanda ka tura wa fasawod ɗin don ya karanta, in ya buɗe kuma magana ta ƙare. Sai na biyu, na hana gyara da kwafa da firintin, wanda ake sawa da Adobe Acrobat na kuɗi, ko da LibreOffice wanda kyauta ne, wajen fitar da PDF akwai sashen Security. Shi wannan umarni ne kawai ake rubutawa a jikin fayil cewa don Allah kar a gyara, manhaja mai mutunci ta bi, wadda ba ruwanta ta tsallake. Kamar asabari ne a bakin ƙofa, yana hana kaji shiga kuma mai kunya zai tsaya ya yi sallama, amma wanda ya zo da niyya ɗagawa kawai zai yi. Ka sa shi in kana da hali, ba ya cutarwa, kar dai ka kwanta a kansa. Haka nan Restrict Editing da Mark as Final na cikin Word, na biyun ma maɓalli ɗaya ake dannawa ya tashi.

Wasu kuma sai su firinta takarda su sa hannu su buga sitam su ɗauki hoto su tura. Ya fi Word kam, amma goge lamba a hoto a ɗora wata ba wani aiki ba ne yanzu. Kuma ina so ka lura da wani haɗari da ke cikin abin da ka yi: hoton sa hannunka da ka manna a Word, duk wanda fayil ɗin ya je hannunsa zai iya ɗauke shi ya ajiye ya ɗora a kowace takarda. Yanzu haka yana nan a wayar yaron, da duk wanda ya tura wa. Ni da zan ba ka shawara, sa hannun da kake yi a banki daban, wanda kake sawa a takardun kasuwa daban.

Yanzu ga inda maganin yake. Abin da ya ba ƙanin matarka dama shi ne babu wata hanya tsakaninka da Hajiya sai ta kansa. Da a ce ranar da ka rubuta takardar ka ce masa ba ni lambarta in tura mata kai tsaye in sa ka a ciki, ko bayan ka tura masa ka kira ta ka ce Hajiya jimillar kuɗi kaza ne, sunan da zai fito a akawun kaza ne, da ko a Word ɗin ne ba abin da zai iya. Wannan kiran na minti biyu ya fi duk wata manhaja da zan lissafa maka. Ka mayar da shi ƙa'idar shagonka: wanda zai biya kuɗi, shi zai karɓi takarda daga hannunka, kuma zai ji adadin daga bakinka. Mai kawo aiki in ya ce a'a kar ka yi magana da ita, to ka san akwai abin da yake ɓoyewa. Kuma Allah ya taimake mu a Najeriya, duk mai tiransifa sai sunan mai akawun ya fito masa kafin ya tura, don haka in shagonka na da rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka buɗe akawun da sunan shagon, ka riƙa gaya wa kwastoma da baki cewa in ba wannan sunan ya gani ba kar ya tura. Na ce da baki, saboda in a takarda kawai ka rubuta, mai canza lamba zai goge gargaɗin ma.

Abu na gaba, ka ajiye asali a wurin da kai kaɗai ke iya taɓawa amma kwastoma na iya gani. Duk mai Gmail yana da Google Drive, da gigabayit 15 kyauta. Ka ɗora PDF ɗin a can, wajen rabawa ka zaɓi Viewer, akwai ma inda za ka cire damar saukewa da firintin da kwafa, sai ka tura wa kwastoma linkin. Wanda ya buɗe, naka yake gani kai tsaye, ba kwafin da ya bi hannu uku ba. Zai iya ɗaukar sikirinshot ya gyara, ba wanda ya hana, amma na Drive ɗin na nan yadda ka bar shi da ranar da ka ɗora. Manyan hukumomi ma dabarar da suka koma ke nan, sun gane takarda ba ta kare kanta. WAEC ta buɗe shafin satifiket na dijital a 2022 don mai ɗaukar aiki ko jami'a su tabbatar daga tushe, CAC na da inda kowa zai binciki sunan kamfani. Kai ma kana iya juya linkin ya zama lambar QR ka manna a ƙasan takarda, amma ka sani mai wayo zai iya cire taka ya sa tasa da za ta kai mutum ga jabun da ya ɗora, shi ya sa linkin ya kamata ya fito daga lambar wayarka da kwastoma ya sani, irin wadda ke jikin allon shago.

Sai batun WhatsApp. Ban ce ka daina ba, a nan kasuwar take. Amma takarda mai nauyi ka haɗa da imel, ko da kanka za ka tura wa kwafi. Imel in ya tafi ya tafi, Gmail daƙiƙa 30 ne iyakar abin da yake bayarwa na janyewa, bayan nan ga shi nan cikin Sent da rana da lokaci da fayil ɗin, babu mai taɓa shi. A WhatsApp mutum na iya gyara saƙonsa cikin minti 15, yana iya goge abin da ya turo maka har wajen kwana biyu, kuma ɗayanku ko wanne zai iya kunna saƙo mai ɓacewa na awa 24 ko kwana 7 ko 90, in ba ka lura ba sai ka waiwaya ka ga hujjarka ta tafi. Duk hirar ciniki ka duba ka tabbatar a kashe yake.

Akwai kuma abin da aka ƙera musamman don wannan matsala, wato sa hannun dijital na gaskiya, kuma ba hoton sa hannu nake nufi ba. Yadda yake aiki, kwamfuta na ɗaukar duk abin da ke cikin fayil ta yi masa lissafi ta fitar da wata lamba da ta keɓanta da shi, a tsarin SHA-256 da aka fi amfani da shi harufa da lambobi 64 ne, in aka canza ko sifili ɗaya a takardar lambar gaba ɗaya sai ta zama wata daban. Sai a rufe wannan lamba da mabuɗin sirri da ke wajenka kai kaɗai a liƙa a jikin PDF. In kwastoma ya buɗe a Adobe Acrobat Reader, manhajar za ta sake lissafin ta gwada, in ya yi daidai ta nuna a sama cewa ba a taɓa takardar ba tun da aka sa hannu, in an taɓa ta nuna sa hannun ya lalace. Reader na kyauta a kwamfuta yana yin wannan, cikin kayan aikinsa akwai Use a certificate, za ka iya ƙirƙirar shaidarka da kanka, har da zaɓin kulle takarda bayan sa hannu. Sai dai gaskiya biyu. Shaidar da ka ƙirƙira da kanka, kwamfutar wani za ta ce ba ta san ka ba sai ya amince da ita tukuna, don kowa zai iya ƙirƙira da kowane suna, wadda ake yarda da ita kai tsaye saye ake yi daga kamfanonin da ke tantance mutum. Na biyu, yawancin mutanenmu a waya suke buɗe takarda, kuma manhajojin waya da yawa ba sa duba sa hannun ma sam. Don haka in za ka nemi aiki a ƙungiya ko banki ko ma'aikata, ka koya, zai ɗaga darajarka, kuma shafukan sa hannu ta intanet irin su DocuSign suna ajiye tarihin wa ya buɗe wa ya sa hannu da yaushe. Amma ga Hajiya mai makaranta da wayarta a hannu, kira da linki sun fi mata amfani.

Ita kanta takardar ka gyara yadda kake rubuta ta. Jimilla ka sa da alƙaluma ka kuma sa da kalmomi, kowane kaya da farashinsa a layinsa, inbata ƙarfin kaza, batir iri kaza guda kaza, fanel wat kaza, kuɗin aiki daban. Wanda zai ƙara kuɗi dole ya taɓa wurare da yawa, kuma farashin fanel abu ne da kowa zai iya tambaya a kasuwar Sabon Gari. Ka ba kowace takarda lamba a jere ka rubuta a littafin shago, ka sa ranar da farashin zai daina aiki tunda kayan sola da dala suke tafiya, in shafi biyu ne ka rubuta 1 cikin 2. In aiki babba ne, ranar karɓar kafin alƙalami ku zauna ku sa hannu a kwafi biyu da shaida, kowa ya riƙe ɗaya. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma har yau ban ga tsarin da ya fi wannan kwantar da rigima a tsakanin mutanenmu ba.

To mu dawo kan wutar da ke ci yanzu. Kafin ka yi wa kowa magana, ka adana hujja. Kar ka goge hirarku ta WhatsApp da ƙanin matarka, kar ka canza waya, ka yi Export chat tare da fayilolin ka tura imel ɗinka, ka ajiye alat ɗin kuɗin da ya turo maka. Sannan ka roƙi Hajiya ta turo maka ainihin fayil ɗin da ya ba ta, shi kansa ba hotonsa ba, da rasit ɗin tiransifa mai sunan wanda ta biya. In Word ne, a kwamfuta ka shiga File sannan Info, sau da yawa za ka ga sunan wanda ya yi gyara na ƙarshe da lokacin, in PDF ne Properties na nuna ranar da aka ƙirƙira da manhajar da aka yi amfani da ita. Ana iya goge waɗannan bayanai, don haka alama ce ba yankakkiyar hujja ba, amma mai irin wannan aikin da wuya ya tuna da su. Daga nan ka je wajenta ƙafa da ƙafa, ka buɗe wayarka a gabanta ta ga abin da ka tura da ranar, ta ga abin da ya shigo akawun ɗinka. Gani ya kori ji. Kar ka tura saƙon murya mai tsawo kana rantse-rantse, ka bari ta gani da idonta.

Ta fuskar doka kuwa, abin da ya yi ba wasa ba ne, kuma yana da kyau shi ma ya sani. Dokar laifukan intanet ta 2015, sashe na 13, ta yi magana a kan canza bayanai a kwamfuta don a ɗauke su a matsayin na gaskiya, sashe na 17 kuma ya ce wanda ya yi jabun sa hannun wani ta na'ura da niyyar zamba zai iya shan ɗaurin da ya kai shekara 7 ko tarar da ta kai naira miliyan 10 ko duka biyun. Dokar Shaida ta 2011, sashe na 84, ta yarda kotu ta karɓi abin da ya fito daga kwamfuta ko waya, amma da sharuɗɗa, ciki har da takardar shaida a kan na'urar da aka ciro shi, kuma an sha watsi da hujja saboda rashin cika wannan sharaɗi, shi ya sa nake ta nanata kar ka rabu da wayar. In abin ya kai can, lauya za ka nema ya tsara maka.

Amma ni ban ga ka fara da 'yan sanda ba. Surukuta ce a tsakani, kuma matarka ba ta ci ba ba ta sha ba, kar a bari ta ji a bakin duniya. Ka zaunar da ita cikin natsuwa ka nuna mata takardun biyu, ka gaya mata ba tozarta ƙaninta kake so ba, sunanka kake son wankewa. Sannan a samu babba a gidansu, uba ko kawu ko babban wa, a kira yaron a gabansa. Abin da za ka nema a fili yake: ya mayar wa Hajiya kuɗinta ko da kashi-kashi ne a rubuce da ranaku, kuma ya je da bakinsa ya gaya mata ba ka sani ba. Wannan na biyun kar ka sassauta a kansa ko an ba ka haƙuri, don shi ne naka a ciki.

Zai iya cewa ai la'adarsa ya ɗauka tunda shi ya kawo aikin. La'ada halal ce kuma haƙƙinsa ce, dillalai da ita suke ci a kowace kasuwa, amma wadda aka yi magana a kai aka amince. Ɗora kuɗi a ɓoye a ƙarƙashin sa hannun wani algus ne, ba shi da wani suna. Idan ba ku taɓa yanke masa wani abu a kan wannan aikin ba, bayan ya mayar da kuɗin ka cire masa la'ada daga ribarka ka ba shi a gaban babban da ya shiga maganar, kuma in zai sake kawo maka aiki ku yanke kason tun kafin ka rubuta komai, takarda kuma kai za ka tura wa mai biya da hannunka.